Tururuwar da Aka Jefa cikin Dakashi

"Tanimu, ɗauke ƙafarka daga kan ƙanwarka. Kun natsu? To ga ta nan tafe, ga ta nanku."

"Ta iso mu ji ta, Iya!"

Wata yarinya ce ana ce mata Tsahara, ta zo gidansu haihuwar fari. Ta sauka lafiya, ta sami ɗa namiji. Uwarta Inna Marka ita ke kula da ita, tsohuwa mai son jikan nan kamar ta haɗiye shi.

Sai nonon farko ya zo, mai kauri, rawaya-rawaya, wanda ake kira dakashi. Inna Marka ta yatsine fuska ta ce, "Jikana ba zai sha wannan ba sai an gwada." Gwajin kuwa, a tatsa a ludayi a jefa tururuwa. In ta fito, nono lafiyayye ne. In ta mutu, guba ne.

Aka jefa tururuwa, ta yi ta mutsu-mutsu, sai ta nutse. Inna ta ce, "Kin gani ko?" Ta watsar a bayan ɗaki, ta ɗebo ruwan randa ta ɗura wa jariri. Tsahara na kallo, ƙirjinta na yi mata zafi. Amma ɗan fari ne, kunya ta hana ta ko ɗaga ido.

Kashegari aka sake tatsa, aka sake jefa tururuwa, ita ma ta nutse. Aka watsar, aka ɗura ruwa. Sai jariri ya fara zawo.

Rana ta uku idonsa ya zurma, maɗigarsa ta faɗa, kukan ma da ƙyar yake fita. Aka kamo wata tsohuwar tururuwa aka jefa. Ita wannan da ta ji ta cikin ludayi sai ta lallaɓa ta kama gefe, ta hau mariƙi, ta karkaɗe jikinta, ta ce, "Salamu alaikum."

Inna Marka ta ja da baya har ta taka kaskon wuta. "Innalillahi! Tururuwa da magana?"

"Da magana. Kin kashe mini 'yan'uwa biyu, tsohuwa. Kuma ba guba ta kashe su ba, kauri ne. Ke ma a jefa ki rijiyar kunu mu ga fitarki."

"To mene ne a ciki?"

"Ayari ne. Ni ƙarama ce, ina ganin abin da ba kwa gani. Wasu halittu ne mitsi-mitsi, in na tsaya kusa da su ni giwa ce. Sun baro jikin uwa da guzurinsu za su tare a cikin yaron nan, don cikin jariri sabon gida ne, ba kowa. Su ke zama su gyara masa abin da ya ci, su tsare ƙofa. Sau biyu suna haramar tafiya, sau biyu kina zubar da su a ƙasa."

Sai aka ji muryar Tsahara, wadda ba ta ce uffan ba tun haihuwa. "Yanzu wa ke cikinsa?"

"Na ruwan randa. Su masu wutsiya ne. Suna kaɗa ta suna iyo, su bi ƙanshin abinci har hanji, su manne a bango, su yi yauƙi su lulluɓa. Ɗaya ya rabe biyu, biyu su zama huɗu. Sun tarar da gida ba mai shi, sun baje."

"Iya, mu ma akwai su a cikinmu?"

"Fal, Tanimu! Wannan ƙugin da cikinka ke yi, ka zaci kai kaɗai ne? Bari in ƙarasa."

Tsahara ta miƙe. A gaban uwarta ta sunkuci ɗanta ta sa masa nono, ta mance da wata kunya. Ayari ya shiga. Ba su zo da kibiya ba, ba su zo da sanda ba. Duk inda suka ga fili sai su zauna, duk abincin da ya sauko sai su riga kaiwa. Masu wutsiya suka rasa na ci, suka rasa wurin kamawa, sai suka yi ta sulalewa suna fita. Kafin ranar suna yaro ya buɗe ido, ya tsala kukan da har maƙwabta suka ji.

Gida ya cika da murna, amma Inna Marka ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi cin abinci. Tsahara ta durƙusa ta ce, "Inna, ai ya warke."

Tsohuwa ta dube ta. "Takwas na haifa kafin ke, Tsahara. Duk an gwada, duk an zubar, duk na binne. Ke kaɗai kika sha. Ke ma don an wuni ana ruwan sama ne, aka nemi tururuwa aka rasa."

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗo. Abin da kuka tarar ana yi, ku tambayi dalilinsa tun mai shi na da rai. Ku tashi ku wanke hannu.