Wadda Ta Dawo wa Yaya Lurwanu da Muryarsa

Ku matso ku ji labarin yayana Lurwanu, Allah ya jiƙansa. Ni karatuna bai yi nisa ba, walda nake yi a Gumel, amma abin da ya ba ni da bakinsa ban yar da ko kaɗan ba.

Yaya ya tafi wata jami'a a Amurka neman digiri na uku a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sharaɗin zamansa shi ne ya riƙa koyar da 'yan aji ɗaya, jami'a kuma ta ɗauke masa kuɗin makaranta. Amma baƙo ba ya shiga aji sai an gwada Turancin bakinsa. Ranar gwajin ya tarar da dattawa masu furfura a zaune. Ɗan gidanmu kuwa ba ya kallon babba ido cikin ido. Ya sunkuyar da kai, ya sassauta murya, kowace tambaya sai ya ɗan jinkirta kafin ya amsa, don ladabi. Su kuma suka ɗauka lalube yake yi. Suka yanke cewa ɗalibai ba za su gane shi ba. In babu aji babu karatu, sai gida hannu rabbana. Ya ce haka Allah ya so, ya fara haɗa kaya.

Mata uku ne suka tsaya masa. Ta farko ita ce Busaina, wata 'yar Sudan da ta riga shi zuwa jami'ar. Ita ta san ana iya ɗaukaka ƙara, kuma lokacin yin hakan ya kusa ƙurewa. Yaya ya ce shi ba zai ja da hukuncin manya ba. Ta ɗauke akwatinsa ta kulle a motarta, ta ce, "Kai malami ne ko amarya? Wuce mu je!" Ta tasa shi gaba har ofishin, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta gusa ba sai da aka karɓi kukansa.

Sai dai kwamitin ɗaukaka ƙarar ya ce ba ya sake sauraron kowa sai da hujjar cewa an yi kuskure a karon farko. Nan ta biyu ta shigo, wata ɗaliba makauniya, Baturiya, da Yaya yake kira Hannatu. Ya saba yi mata bayanin darasi a ɗakin karatu, don Allah kawai. Ba wanda ya kira ta. Ta zo da sandarta, ta tsaya gaban manyan malaman da makinta ke hannunsu, ta ce, "Ni ban taɓa ganin allo ba, ban taɓa ganin bakinsa ba. Da muryarsa kaɗai na ga yadda ruwa yake tafiya a cikin dutse. In ba a gane maganarsa, ni da me na ci jarrabawa?" Aka sa ranar sake gwaji.

To amma wuyan da ya saba sunkuyawa ba ya miƙewa don an sa rana. Yaya ya ce ko a gaban madubi ya tuna furfurar nan, sai muryarsa ta shige ciki. Ya buga waya ga Gwaggo Zulai, wadda ta raine mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, don ta sa shi a addu'a. Ina tsugune kusa da ita tana tankaɗe. Ko harafi ɗaya na boko ba ta sani ba. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Lurwanu, ni na ɗaura maka wannan kunyar, yau na kwance. Waɗannan ba iyayenka ba ne, masu saye ne. Ina muryar da kake yi mini tallar daddawa da ita, har mutanen bayan ganuwa su ce ka hana su ƙailula? Ita za ka kai musu. In ka sunkuya, ban yafe ba."

Ya shiga, ya ɗaga kai. Daga baya ya turo mana muryar da aka naɗa a ranar. Turancin ya fi ƙarfina, amma na ji muryar tana zuba kamar ruwan farko a kan kwano, har dattawan suna dariya suna ƙara tambaya. Ashe duk shekarun nan wannan kogin yana kwance a ƙirjin mutumin da muke ci a kwano ɗaya.

Ya koyar, ya gama, ya dawo, ya yi aure. Yakan ce in Allah ya ba shi 'ya mace, sunan wadda ta dawo masa da muryarsa zai sa mata. In an ce wace ce a cikinsu, sai ya yi murmushi ya ce a bari ta zo tukuna. Zazzaɓi ya ɗauke shi da damina, matarsa Bara'atu tana da tsohon ciki.

Ta sauka lafiya, mace. Dangi sun ce ni na fi kowa jin maganarsa, ni zan faɗa wa liman abin da zai raɗa. Na ɗauki yarinyar, na duba fuskarta, ba ta gaya mini komai ba.

Da Busaina ba ta kulle akwatin ba, da ba a kai ga kwamiti ba. Da Hannatu ba ta yi shaida ba, da ba a sa rana ba. Da Gwaggo ba ta kwance abin da ta ɗaura ba, da ranar ta zo ta wuce shi kai a ƙasa.

To, jama'a, ku raba ni da wannan nauyi: sunan wa zan kai wa liman?