Kyaftin Tanimu da Ƙwallon da Ta Bi Waje

An yi wani mutum a wani gari, shekaru da yawa da suka wuce, bawan Allah ne, ana ce masa Kyaftin Tanimu. Hafsan soja ne, ya dawo daga yaƙi da ɗingishi, ba mata, ba ɗa. Sai aka ba shi koyar da ƙwallon ƙafa a wata kwalejin horon malamai. Ɗaliban nan su suka zama iyalinsa. Shi ke ɗinke ƙwallo in ta yage, shi ke gasa musu targaɗe da ruwan zafi, yana faɗa yana lallashi.

Shekara uku ba kofi. Shugaban kwaleji ya ce bana in ba a ci ba, Kyaftin ya tattara nasa ya nasa.

To, ku saurara. A zamanin babu raga, turaku biyu ne da igiya a sama. Ranar wasan ƙarshe, ana dab da tashi, ba wanda ya ci wani, ɗan wasansu Shekarau ya narka ƙwallo ta wuce fuu. Fili ya kaure da ihu. Alƙalin wasa bai gani ba, an tare masa. Mutum ɗaya ne a tsaye bayan turakun, Kyaftin. Alƙali ya san ba ya ƙarya, sai ya tambaye shi ko ta tsakanin turakun ƙwallon ta bi.

Jama'a, kalma ɗaya ce tsakaninsa da aikinsa. Ya dubi yaransa suna rungumar juna, zuciyarsa ta karye. Ya ce, "Ta waje ta bi, da yatsa huɗu."

Aka ci gaba, aka ci su.

Shekarau ya zo da hawaye ya ce, "Baba Kyaftin, ai da ka yi shiru ma ya isa."

Kyaftin ya dafa kafaɗarsa. "Ɗana, gobe malami za ka zama. Abin da na koya maka yau, shi za ka kai wa 'ya'yan mutane."

An sallame shi kuwa. Ranar tafiyarsa ɗaliban suka ɗauki akwatinsa a ka har tasha, suna karɓa-karɓa, kowa na so ya taɓa, Shekarau na gaba.

'Yan'uwa, gaskiyar da ba ta ci maka komai ba, kowa ma yana faɗinta. Wadda za ta raba ka da abincinka, ita ake auna mutum da ita. Kai mai awo a kasuwa, ke uwa a ɗaki, akwai ranar da ku kaɗai kuka gani, kuma yaranku na kallon bakinku. Allah Ya ba mu ikon faɗin inda ta bi.