Dalilin da Ya Sa Alkama Ke Gudun Damina

Dalilin da ya sa ba ku taɓa ganin alkama da dawa a gona ɗaya ba, ku matso ku ji. Kai Ɗanjuma, ƙyale kunnen ƙanwarka.

A da can tare suke fitowa da damina. Kowace shuka a cikin ganyenta ake yi mata girki, iska ce garin tuwon, hasken rana ne wutar. Mai yi wa Alkama girki wata tsohuwa ce, Goggo Tabawa, ga ƙwazo amma ido ya tafi.

Wata shekara aka yi rana mai narka dutse. Alkama ta ji tsoron ƙishirwa, ta rufe tagogin ganyenta ruf don kada ruwan jikinta ya ƙone. Madafa ta turnuƙe da hayaƙi. Ita kuwa Goggo ko a jikinta, in ta kai ƙwarya ɗibar iska sai ta ɗebo hayaƙi, ta zuba a tukunya ta yi ta tuƙi. Abin ya fito da ɗaci, ta zubar, ta ɗauko tuwon jiya ta goge tukunyar da shi.

Ran nan Alkama ta leƙa zangarniyarta don ta ga 'ya'yanta. Duk sun motse, wasu ma sai ɓawo. Ta ruga madafa.

"Goggo, me kike ba yaran nan?"

"Abin da ke ɗakin, 'yar nan. Ke kika rufe ni a ciki."

Ta nufi gidan Dawa, ta tarar da 'ya'yan Dawa ɓul-ɓul.

"Yaya, ke ba ki rufe taga ba ne?"

"Na rufe mana. Amma ni a zaure ake tsince min iska, kamar yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa, sannan a miƙa wa tsohuwata can ƙuryar ɗaki. Tun ina tsiro na gina zauren. Ke yanzu kin makara."

Alkama ta koma ta lalube zangarniyar nan tsaf, 'ya'ya uku ne kacal ke numfashi. Ta rungume su, ta rantse zafin damina ba zai ƙara ganinta ba.

Shi ya sa har yau sai an girbe dawa, sanyi ya sauka, Alkama ke lallaɓowa fadama kusa da ruwa, tagoginta a buɗe, don kada Goggo ta sake dafa wa 'ya'yanta hayaƙi.