Ƙararrawar Malam Yohanna

Ranar Talata, sha bakwai ga Afrilu, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, na tarar da Malam Yohanna a barandar gidan hedimasta yana goge ƙararrawar makaranta. Wata uku ke nan da ya yi ritaya, bai fita daga gidan ba. Sabon hedimasta, Malam Bitrus, yana zaune a sito da matarsa mai tsohon ciki. Rufin siton yana yoyo, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Yohanna ya tashi, ya zauna, ya sake duba agogo.

"Istifanus, aiko ka aka yi?"

"Ƙafata ce ta kawo ni, Yaya. Zauna ka ji abin da ya sami wata shamuwa."

"Me ya same ta?"

Na ce: a wani gari, duk shekara idan shamuwa suka sauka a kan tsamiya, mata sai guɗa, maza su fito da iri, don sun san ruwa ya kusa. Wata shekara bayan kaka sauran suka tashi, ɗaya ta ce, "Mutanen da suke so na haka, ina zan bar su?" Ta zauna. Rani ya yi, ta rame, ta koma tsince-tsince a juji. Sai hankaka ya ce mata, "Iya, kin ji labarin Tanko marini?" Ta ce, "Ban ji ba."

Hankaka ya ce: Tanko ya sami farin saƙi mai kyau, ya tsoma a karofi, ya ƙi tsamowa, wai yana neman shuɗin da ba a taɓa yi ba. Matarsa ta ce, "Maigida, ka tsamo mana, ai sai ya sha iska shuɗin ke fitowa." Ya ce ta yi masa shiru. Ran da ya tsamo, zanen ya ruɓe a hannunsa.

"Iya," in ji hankaka, "zuwanku ake yi wa guɗa. Bana sauran za a yi wa, ke an saba ganinki kamar ungulu."

Yohanna ya daɗe yana juya ƙararrawar.

Ya ce, "Ka tuna a aji huɗu, da Baturiyar nan ta koya mana kalmarsu ta baƙon da ya zauna har ya wuce lokacinsa? Ni kaɗai na rubuta ta daidai." Ya yi 'yar dariya. "Shekara talatin da ɗaya, Istifanus. A ƙauyenmu wa zan kaɗa wa?"

Aka yi tsawa daga nesa.

Ya miƙo mini ƙararrawar. "Kai wa Bitrus. Ka ce su kwaso kayansu yanzu, kafin ruwan nan."

Washegari ƙarfe tara amalanke ya tafi da Malam Yohanna.

Waɗanda suka rage: Malam Bitrus, matarsa Rahila, wadda ta haihu ranar Asabar a ɗaki busasshe, mangwaro biyu da Yohanna ya dasa, sai ni, da har yau idan ƙarfe huɗu ya yi nake samun kaina a hanyar barandar.