Lado da Man Galan a Hanyar Makka

"Motar haya, Yaya Lado? A ƙasar mutane?"

"To motar mutanen ba taya huɗu gare ta ba? Ni da nake zuwa Kazaure daga Babura da burki rabi!"

A ƙofar masaukinsu na Madina Lado da ƙanwarsa suke wannan musu, ranar Alhamis, bas ɗin ayarinsu tana ta lodin masu tafiya Makka. Lado ɗan kasuwar hatsi ne a Babura, mutum mai hannun kyauta. Shi ya kawo mahaifiyarsa Inno da ƙanwarsa Bahijja Umara. Aibinsa guda ne: duk yadda ake yin abu a Babura, ya ɗauka haka duniya take yinsa.

Tun da ya ƙyalla ido ya ga wata farar mota a gidan haya, zama ya gagare shi. Ya ce a bar ayari su wuce, su kuwa su ƙara kwana, gobe da sassafe su kama hanya da motarsu kamar manya. Bahijja ta tuna masa cewa Juma'ar gobe ce kaɗai ta rage kafin ranar jirgi, kuma tun Inno tana ɗaukar ƙwaryar nono take fatan ta yi sallar Juma'a tana kallon Ka'aba. Inno ba ta kama sunan ɗanta na fari, don haka sai ta dubi gefe ta ce, "A gaya wa wancan, ni dai a kai ni kan lokaci."

Lado ya buga ƙirji ya ce har wuri zai kama mata a sahun gaba na mata.

Gari na wayewa suka tsaya a miƙati suka yi niyya, Lado ya fito fes cikin haraminsa ya kama sitiyari. Murna kamar ta kashe shi. Titi ga shi shimfiɗe kamar tabarma, ba rami, ba ɗan acaɓa, ba akuya. Ya taɓa wannan maɓalli ya taɓa wancan, yana cewa, "Inno, kin ji sanyi? A bas ai da yanzu gwiwar wani tana haƙarƙarinki." Har Inno sai da ta murmusa.

Bahijja ce ta lura allurar mai ta yi ƙasa, domin ba a cike aka ba su motar ba. Da suka hango gidan mai ta nuna masa. Lado ya ga manyan motoci sun jeru a bakinsa, ya ce shi ba shi da lokacin bin layi. A Babura dama ba ya shiga gidan mai. Yakan ci burki a gaban 'yan bumburutu, a ɗura masa galan ɗaya ta mazurari, ko injin bai kashe ba.

"A ƙasar da ake haƙo man, ai masu galan sai sun tare hanya," in ji shi.

Ya wuce wannan gidan mai, ya wuce na gabansa. Magana ta cika bakin Bahijja fal, amma mai harami ba ya jayayya, sai ta riƙa ɗaga murya da talbiyya duk sanda suka gifta wani. Lado kuwa yana ta leƙen gefen titi, yana neman teburi da galan a jere. Duwatsu kawai yake gani, baƙaƙe, sun fi na Kazaure yawa.

Motar ta yi tari, ta yi shiru, ta gangara gefe da kanta.

Lado ya fita da silifas, hannu ɗaya riƙe da harami kada iska ta tona masa asiri, ɗayan yana ɗaga wa motoci. Suna wucewa fiu kamar harsashi. Ya gwada turawa, ƙarfen ya ƙona masa tafin hannu. Suna nan rana ta take tsaka. Inno ta dubi agogon motar, ta ja mayafi ta rufe fuskarta da tafin hannu. Wannan abin ya fi yi wa Lado ciwo fiye da zafin kwalta.

Masu sintirin hanya ne suka taimaka musu da mai. Ana kiran la'asar suka shiga Makka, suka tarar 'yan ayarinsu suna ta ba da labarin daɗin huɗuba. Inno ta yi Umararta lafiya, amma Juma'ar da ta ƙwallafa rai a kai ta wuce.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, iya tuƙi daban, sanin ƙasa daban. Kafin ka ɗauki motar haya a inda kake baƙo, ka tambayi yadda masu wurin suke yi, ka kuma saurari na kusa da kai ko da ƙanwarka ce. In tafiyar tana ɗauke da burin wani, musamman iyaye, to ka bi wanda ya san hanya, ka ajiye burgarka sai ka koma gida.

A jirgi Bahijja, da yanzu ba harami a kanta, ta zayyane wa Lado wannan darasi tsaf, har da kwaikwayon yadda yake ɗaga wa motoci hannu. Lado ya nisa, ya ce:

"Ni abin da na gano shi ne akwai kasuwa a hanyar nan. Baɗi da teburi da galan zan zo."

Inno ta juya ta fuskanci taga.