Sha Ɗayan Wa?

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da 'yan layinsu suke kira Injiniya. Ba wani kwalin injiniyanci gare shi ba, amma gaskiya ya san aikinsa. Kwamfutar da ta gagari kowa, shi ake kaiwa. Aibinsa ɗaya ne tak: ba a yi masa tambaya sau biyu. In ka maimaita, sai ya zare tabarau ya zuba maka ido, har ka ji kamar kai ne ka lalata na'urar.

Mahaifinsa kuwa mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in yana wannan sana'a a ɗan shagon da ke jikin gidansu. Yanzu kowa agogonsa na cikin waya, aiki ya ja baya, amma Baba bai fasa buɗe shago ba.

A falon gidan akwai agogon bango guda biyu a jere. Na dama lokacin gida yake nunawa. Na hagu kuma yana gaba da awa biyu, lokacin ƙasar da Auta take karatu ke nan. Auta ita ce ƙanwar Injiniya, shekararta huɗu a can tana neman digiri na uku. Baba yakan ɗaga kai ya dubi agogon hagu ya ce, "Yanzu Auta ta fito daga aji." Sai Inna, matarsa, ta ce, "Malam, kai da agogon nan, sai ka ce shi ka haifa."

Akwai abin da ya kamata ku sani game da Auta. Tun tana ƙarama, in ta tsorata sai i'ina ta kama ta, kalma ta maƙale mata a wuya har ta yi hawaye. Maganin da Baba ya samo mata shi ne agogon aljihunsa. Yakan kara mata shi a kunne ya ce, "Bi shi a hankali. Bugu ɗaya, kalma ɗaya." Da haka ta haye firamare, da haka ta haye sakandare.

To, ranar wata Lahadi sai ga saƙon muryarta ya shigo wayar Baba.

"Baba, ranar Talata zan kare kundin digirina, ƙarfe sha ɗaya na safe. Za ku iya kallo ta kwamfuta, na tura wa Yaya gayyatar ta imel. Amma da an fara ake rufe shiga, ko waye ba a buɗe masa. Don Allah ku shigo da wuri. In na ga fuskarka ba zan yi i'ina ba. Zan kashe wayata daga yau har in gama, kada ku ji shiru ku damu."

Baba ya saurari saƙon nan ya fi sau goma, har Inna ta haddace shi.

Ran Litinin da la'asar Injiniya ya zo gida. Ya ɗauko kwamfutar da Auta ta kawo wa iyayenta tsaraba a hutun bara, ya buɗe imel. A jikin saƙon akwai wani ɗan ƙaramin fayil na kalanda, irin wanda in ka danna shi yake shigar da ranar taro da lokacinsa cikin kalandar imel ɗinka. Ya danna, ya shiga. Allo ya nuna: Talata, 11:00.

"Shi ke nan, an gama," in ji shi. "Saura kwata ta cika za ta yi ƙara ta tuna mana. Ni zan zo goma da rabi."

Baba ya gyara zama, ya leƙa allon ta saman tabaransa.

"Injiniya, sha ɗayan wa? Namu ko nasu?"

"Namu mana, Baba. Ai amfanin fayil ɗin ke nan. Ko daga ina aka turo shi, kwamfuta tana mayar da shi lokacin inda take."

Gaskiya ya faɗa, haka abin yake aiki. Baba ya nuna bango da haɓa.

"Auta ta ce sha ɗaya. Na'urarka ma ta ce sha ɗaya. Shekara huɗu ina kallon agogunan nan biyu, ban taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya ba. In da ta juya lokacin, ai da lambar ta canza."

Tambaya ta biyu ke nan fa. Injiniya ya zare tabarau.

"Haba Baba! Auta ta san da wa take magana, lokacinmu ta faɗa maka. Dubi ƙasan allon nan, agogon kwamfutar daidai yake da na bangonka na dama. Wannan ba irin agogon da ake murɗawa ba ne. Ka bar mana namu, mu ma ba ma shiga naka."

Inna ta tafa hannu. "A'a, yau ga ɗan da ya fi ubansa sanin lokaci!"

Baba ya ciro wayarsa. Ya gwada kiran Auta, waya a kashe. Ya mayar da ita aljihu, ya ce, "Allah ya kai mu."

A hanyarsa ta komawa Injiniya ya ɗan ji ba daɗi, don ya san bakinsa ya yi kaifi. Amma ya ce a ransa, tsufa ne kawai, gobe in komai ya tafi daidai za a manta.

Ran Talata, takwas da kwata, Injiniya yana shagonsa ya buɗe cikin wata kwamfuta, mai ita na tsaye a kansa, sai ya ji sallama. Ya ɗago, sai ga Baba cikin rigarsa mafi kyau, an goge ta har tana ɗaukar ido.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Zuwa na yi ka kunna mini na'urar nan in zauna a gabanta."

"Yanzu? Saura kusan awa uku fa!"

"Na ji. Ka yi mini uzurin tsufa. Ni dai gara in jira awa biyu a banza da in makara minti ɗaya. Ka kunna mini ka dawo aikinka, ba zan taɓa komai ba."

"Baba, ka ga ina da aiki a hannu."

"Gama abinka, ina nan."

Ya samu benci ya zauna. Bai ɓata rai ba. Injiniya ya sunkuya kan aikinsa yana huci, yana kwance noti yana sake ɗaurawa. Can ya saci kallon tsohon, sai ya ga ya fito da agogon aljihun nan yana goge shi da gefen riga. An wanke shi tas, har sarƙarsa an sake. Ashe jiya a kansa Baba ya wuni.

Jikin Injiniya ya yi sanyi. Mai kwamfutar ma ya lura, ya ce, "Injiniya, je ka sallami Baba. Tawa ba gudu za ta yi ba."

Suka kama hanya. Baba na gaba yana ɗaga ƙafa kamar saurayi, Injiniya na biye yana gunaguni ƙasa-ƙasa. Ya riga ya shirya abin da zai ce: ga shi nan, Baba, ɗaki fayau ba kowa, hankalinka ya kwanta?

Tara saura minti takwas suka shiga falo. Inna tana tsakar gida tana wanki, hannu duk kumfa. Ta ce, "Kun dawo? Ni sai goma zan yi wanka in sa kayana. Yau 'yata za ta ga kwalliya."

Injiniya ya buɗe kwamfuta, ya danna shuɗin rubutun da ake shiga taron da shi.

"To Baba, ga shi nan, ɗaki fa..."

Allo ya cika da fuskoki. Ga malamai biyar a jere bayan dogon tebur, ga takardu a gabansu. Ga Auta a tsaye a gefe, tana murza yatsunta, idonta na kan allo tana neman wani. Wata mata mai furfura tana cewa saura minti biyar a rufe shiga.

Injiniya ya zabura ya miƙe.

"Inna!" ya ƙwala kira. "Inna, taho, an fara!"

Inna ta shigo a guje, zani a karkace, kumfa har gwiwar hannu. "An fara me? Kai, ba ka ce sha ɗaya ba? Wayyo ni, a haka turawan ilimi za su gan ni?" Ta fizgi mayafin da ke kan kujera ta yafa, ta zauna tana haki tana hararar ɗanta.

Baba kuwa ya ja kujerarsa gaban allo a natse. An kashe muryar masu kallo, ba halin magana. Sai ya ɗaga agogon aljihun nan, ya kawo shi daidai idon kwamfutar.

Auta ta gan shi. Ta sa hannu ta rufe baki, kafaɗunta suka sauka. Da aka ba ta izini ta buɗe baki, kalmar farko ta ɗan maƙale. Baba ya ɗaga yatsa yana kaɗa shi a hankali, bugu ɗaya, bugu ɗaya. Auta ta ja numfashi, magana ta warware.

Awa ɗaya da rabi ana yi. Aka yi mata tambayoyi masu zafi, ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Inna ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba, amma duk malamin da ya ɗaure fuska sai ta ce, "Wannan ba ya tsoron Allah." Daga ƙarshe matar nan mai furfura ta miƙe, ta kira Auta da Dakta. Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Baba ya juya gefe yana share ido, wai ƙura ce ta shiga.

Aka buɗe musu murya. Auta tana dariya tana kuka ta ce, "Baba, na gan ka! Yaya, na gode, na san in kana nan ba za a makara ba."

Injiniya ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, "Ba ni za ki gode wa ba, Auta. Zan ba ki labari."

Aka gama, aka yi sallama, allo ya koma shiru. Inna ta tashi za ta ɗora shayi. Sai kwamfutar ta yi wata 'yar ƙara mai daɗi, tilin! Rubutu ya fito: saura minti goma sha biyar a fara taro.

Inna ta dafa bango tana dariya har da riƙe ciki. "Sannu da zuwa, uwar masu ilimi! Sai yanzu kika tashi daga barci?"

Injiniya ya shiga saitin kwamfutar yana bincike, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Nan ya ga ɓarnar, kuma da hannunsa ya yi ta. Bara da Auta ta kawo kwamfutar, ya ga agogonta yana gaba da awa biyu, sai ya mayar da lambobin baya kawai. Bai taɓa wurin da ake gaya mata a wane yankin duniya take ba. Shekara guda tana falonsu tana zaton har yanzu tana ƙasar Auta. Shi ya sa da fayil ɗin ya shigo ba ta juya komai ba, sha ɗayan can ta nuna musu.

Ya yi wa Baba bayani, kansa a ƙasa. Baba ya gyaɗa kai.

"Mu ma muna da irinsa a sana'armu. Mutum ya juya hannun agogo da yatsa ya ce ya gyara. Fuska daidai, ciki na can yana abin da ya ga dama."

"Baba, ka yafe mini maganar jiya."

"Wace magana? Ai gaskiya ka faɗa, ban san na'urarku ba. 'Yata na sani." Ya miƙa masa ɗan makullin murɗa agogo. "Ungo, hau kujera ka murɗa na hagun nan. Bayana ya fara ciwo, kuma agogon yana so a riƙa tunawa da shi kullum."

Injiniya ya cire takalmi ya hau kujera. Tun daga ranar, in wani ya maimaita masa tambaya a shago, yakan kai hannu ga tabaransa, sai ya fasa, ya ce, "Tsaya in sake dubawa."

Darasi: Iya sana'a ba ya hana kuskure, kuma wanda ya yi maka tambaya sau biyu ba raina ka ya yi ba, wataƙila ya hango abin da ka tsallake. Matambayi ba ya ɓata. In aka turo maka lokacin taro daga wata ƙasa, ka tambaya tun da wuri: lokacin wa? Ka kuma duba ko na'urarka ta san inda take. Ku tura wa duk mai ɗan'uwa a nesa, da kuma Injiniyan gidanku, don kowane gida da nasa.