Ranar da Mai Shela Ya Tona Asirin Damisa

Akwai wani mutum a garin Mufulira mai suna Lombe Chitalu. A zamanin da kokawar dandali take tashe a garuruwan masu haƙar jan ƙarfe, shi ne mai shela. Duk Asabar da la'asar sai ya ɗora farar kwat, ya shiga tsakanin igiyoyi ya kira sunayen 'yan kokawa. Murya dai Allah ya ba shi, amma kan nasa ya fi muryar girma. Gani yake don shi ake cika zauren.

Cikin 'yan kokawar akwai Damisar Katanga, wai daga yankin Katanga na tsallaken iyaka, mai rufe fuska da hula, wanda aikinsa shi ne ya yi mugunta a tsane shi. Tsofaffi har jifansa suke da ɓawon rake. 'Yan kallo ba su san Nkweto ba ne, mai jan waƙa a cocinsu, mijin Bana Chilufya, wato uwar Chilufya, mai fanke a kasuwa. Lombe ya sani, kuma dokar sana'ar ɗaya ce: ba a faɗin sunan mai hula.

Wata Asabar, cikin wasa, Damisa ya fizge makirfo daga hannun Lombe, ya goge guminsa da gefen farar kwat ɗin. Zaure ya kwashe da dariya.

"Ba Lombe, yau ka zama tawul ke nan?" in ji wata mata daga layin gaba, tana haɗawa da "Ba" ɗin girmamawa na yarensu.

Nkweto ya raɗa masa, "Yi haƙuri abokina, wasa ne. Ni zan wanke."

Lombe bai haƙura ba. Ya karɓe makirfo, ya saki muryar nan tasa: "Jama'a, wannan dodon naku ba daga Katanga yake ba. Nkweto ne, mai waƙar coci, mijin mai fanke."



Kafin sati ya zagayo an cire Nkweto daga mawaƙa. Mai shirya wasa ya sallame shi, don damisar da kowa ya san gidanta ba ta tsorata kowa. Mata suka ƙaurace wa fanken matarsa, suna cewa mijinta ne ya karya wa gwaninsu hannu, alhali hannun nan lafiyarsa lau. Ƙarshe dai Nkweto da iyalinsa suka tattara suka koma ƙauye.

Shekara ashirin da shida Lombe yana ɗauke da abin nan. Kokawa ta mutu, murya ta dushe, ko hirar zamanin ake yi sai ya sulale.

Rannan wata mata ta yi sallama a ƙofarsa. "Ni ce Chilufya, 'yar Nkweto. Baba ba shi da lafiya, ya ce a kira ka."

Ya bi ta. Ya tarar da Nkweto kwance a tabarma, ya rame, jikoki sun kewaye shi, tsohuwar hular tana kan ƙirjinsa.

"Yaran nan sun ce ƙarya nake, wai ban taɓa zama Damisa ba," in ji Nkweto. "Kai kaɗai ka rage. Kira ni yadda ka saba."

Lombe ya miƙe, ya kira Damisar Katanga da 'yar muryar da ta rage masa, hawaye na zuba. Jikoki suka yi ihu, tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Sai Lombe ya durƙusa. "Ba Nkweto, ka yafe mini."

"Nawa na yafe tuntuni. Amma Bana Chilufya ba ta sake zama a kasuwa ba tun ranar nan. Ita ya kamata ka roƙa."

"Tana ina?"

Chilufya ta nuna masa bayan gida, inda kabarin mahaifiyarta yake ƙarƙashin mangwaro. "Bara ta rasu," ta ce. "Da ka zo bariya, da ka same ta."

Darasi: Sirrin da sana'a ta ba ka amana ne, kada fushin minti ɗaya ya sa ka tona shi, domin wanda zai cutu ba lallai ne wanda ya ɓata maka rai ba. In kuma ka san ka cuci wani, je ka nemi gafara yau tun yana raye. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai jinkirin da yake buƙatar jin wannan.